Rabin Ciniki a Jikin Mai Sawa Yake

Shagona na ɗinki yana Tudun Wadan Zariya, da kekuna biyar da yara huɗu masu koyo. Atamfa da leshi da shadda muke ɗinkawa, galibi kayan biki da na Sallah. Da na fara, mutum-mutumi biyu ne a bakin ƙofa suke yi mini talla. To amma mutum-mutumi ba ya taku, ba ya zama, ba ya ɗaga hannu ya gyara ɗaurin ɗankwali. Mace kuwa so take ta ga yadda riga ke zuba in ana tafiya, ta ga ko hammata na ɗamewa. Sai da na fara sa hoton mutum sanye da ɗinkina a WhatsApp da Instagram oda ta soma zuwa har daga Kaduna da Funtuwa.

Samun masu tallata kaya a Zariya ba wuya, ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru da Kongo. Wata kuɗi ake biyan ta, wata a bar mata rigar. Akwai mai cewa a yanke hoton daga wuya, akwai mai kare fuska da waya. Ni dai ba na ɗaukar hoton budurwa sai na ji izini daga bakin mahaifiyarta.

Shekaru na yi ina zaɓen iri ɗaya: fara, doguwa, mai ƙirar kalangu. Mai hoto ya ƙara haske har wankan tarwaɗa ta koma fara tas, mu kuma mu kama bayan rigar da fil don ƙugu ya fito. Ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba, sai ranar da wata amarya ta zo awo tare da mahaifiyarta. Baƙa ce kyakkyawa, mai wushirya. Na ɗauko mata wani leshi ruwan zuma, ta shafa shi, ta mayar.

"Anti, wannan kalar ai ta farare ce. Bari in ga ko zan ɗan yi haske kafin bikin."

Na kalli hannunta. Gaɓoɓin yatsu sun yi duhu, sauran fatar ta fara ja. Mahaifiyar ta ce, "Don Allah ke ki yi mata magana, ni na gaji." Na ce, "Hajiya, ki bar ni da ita." Na buɗe wayata in nuna wa yarinyar wata mai irin launinta cikin wannan kala. Na ja hotuna, na ja, har ƙarshe. Babu ko ɗaya.

Abin ya tsaya mini a rai. Mayukan bilicin ɗin nan da hukumar NAFDAC ke ta gargaɗi a kansu suna cinye fata, wasu har ƙoda suke taɓawa. A ɗaya gefen ga 'yan mata na haɗiyar sha-ka-fashe don su ciko. Ba ni na sayar musu da ko ɗaya ba, amma kullum ina nuna musu wace ce ta cancanci sa kaya masu kyau, kuma suna gani.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Faransa tun 2017 doka ta tilasta a rubuta a jikin hoton talla in an sauya surar jikin mai tallar da kwamfuta, kuma sai ta kawo takardar likita kafin ta yi aikin, saboda yadda ramar ganganci ke halaka su. A nan gida, daga Oktoban 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya. Ina tuna kuma 2021, da Shatu Garko 'yar Kano ta lashe gasar sarauniyar kyau ta Najeriya da kanta a rufe. An yi ta muhawara a kai, har cikin shagona, amma yarana sun kwana biyu suna kallon yadda aka yanka rigunanta. Halima Aden, 'yar asalin Somaliya da ta yi suna a Amurka da hijabinta, ita kuma ajiye sana'ar ta yi a 2020 saboda ana taɓa mata addini. Wannan ya sa duk yarinyar da ta ce mayafinta ba zai sauka ba, ba na ja da ita.

Yanzu duk sabon yayi a jiki uku nake ɗaukar sa: siririya, mai jiki, da dattijuwa. Ƙanwar mahaifiyata ce ke sa mini manyan leshi, ta haura hamsin. Na hana fil, na gaya wa mai hoto in ya ƙara wa fatar kowa haske ba zan biya ba. Gaskiya hotunan ba sa samun yabo kamar da. Sai dai hajiyoyi masu sayen leshi mai tsada sun fara kira, kuma ƙorafin "ba haka na gani a hoto ba" ya ragu ƙwarai.

Amaryar nan ruwan zuman ta sa ranar kamu. Da izinin mijinta hotonta na manne a bangon shago, daidai inda ake awo.