Daren da masu bugun shadda suka zama makaɗa

Asabar, Yamai

Yau tun bayan la'asar na rufe shago, ga ɗinkin bikin mutane jibge a kan tebur. Yarinyar da ta koyi keken ɗinki a hannuna ce ta matsa sai na je na ga bikin nuna tufafi da suka shirya ita da abokan aikinta. Tun farkon mako take kirana a salula: "Tanti, wannan ba defile ba ne irin wanda kika sani, ki dai zo." Na ce to, Allah ya kai mu.

Wani tsakar gida ne mai faɗi, ba nisa da bakin kogi. Babu doguwar hanyar nan da 'yan mata ke bi su juyo, babu kujerun manyan baƙi a gaba. Tabarmi aka shimfiɗa nan da can, aka rataye fararen ƙyallaye daga rassan dogon yaro har ƙasa, sai ka ɗaga ɗaya da hannu kafin ka ga inda za ka zauna. A tsakiyar fili kuwa gungumen bugu ne, da masu bugun shadda biyu zaune gaba da gaba, dattijo da saurayi, kowa da sandunansa a cinya.

Da aka idar da sallar magariba aka rage wuta, sai dattijon ya ɗaga hannu ya sauke. Duk wanda ya taɓa kai shadda mabuga ya san wannan sauti, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, ba sa taɓa karo. Kullum muna jinsa a unguwa muna wucewa, wani lokaci ma mu yi tsaki don ya hana mu barcin rana. Yau sai ga mai kalangu ya bi bayansa a hankali, mai gurmi ya shigo, wani yaro da kwamfuta yana kama ƙarar yana maido ta ta lasifika ninki a kan ninki. Ba su suka ja ba, masu bugu ne a gaba, kowa su yake bi. Tsigar jikina ta tashi.

Rigar farko ita ce ta yarinyar tawa. Shadda ce da aka shayar da ƙaro har ta sandare, aka ninke ta aka buge ninkin ya zauna, hannuwan suka buɗe suka tsaya da kansu ba waya ba kwali a ciki. Na san haka don na taɓa da hannuna daga baya. A cikin kalmasa ta ɗinke ɗan ƙaramin makirfo, don haka duk takun da mai rigar ta yi, ƙwaras-ƙwaras ɗin shaddar na shiga cikin kiɗan. In ta tsaya, wannan muryar ta ɗauke. In ta juya da sauri, sai mai kalangu ya amsa mata. Ta ratsa ta tsakanin tabarminmu har gefen rigar ya shafi gwiwata.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ta turkudi ce. Turkudi ƙananan saƙi ne da ake haɗawa, a rina da baba, a buga da shuni har ya ɗauki ƙyalli. Tun kaka da kakanni daga Kura ta ƙasar Kano yake zuwa, Abzinawa na naɗa shi, kuma kowa ya san yana zuba a fata. Mu teloli wannan zubar muke gudu, kada ta ɓata mana farin yadi. Su kuwa yaran nan ita suka nema. Mai rigar ta riƙa goga kafaɗa da bayanta a jikin fararen ƙyallayen da aka rataye, tana barin shuɗin tabo, wani mai zane yana bin ta da gawayi yana ƙarasa kowane tabo. Nan raƙumi ya fito, can kwalekwale, can wata tsohuwa da tulu. Kafin a tashi, duk filin ya zama zane.

Yaran da ke kusa da ni suna ta nuna wa juna hoton abin da kamfanin Coperni ya yi a Faris a 2022, inda aka fesa wa Bella Hadid riga a jiki a gaban jama'a. Na kalla, abin mamaki ne ba shakka. Amma ni hankalina Tigidit ya tafi. A 1998 Alphadi, shahararren mai zanen kaya na Nijar, ya kwashi masu zanen kaya da 'yan jarida ya kai su cikin hamada kusa da Agadez, ya buɗe FIMA, bikin nuna tufafin Afirka, a can, a lokacin da ƙasar ke fitowa daga tawayen arewa. Ina ƙarama na gani a tele, kuma daga ranar na daina ɗaukar ɗinki a matsayin aikin wadda ta kasa lakwal. Ban manta da 2000 ba kuma, da aka kawo bikin Yamai gari ya rikice da zanga-zanga, ƙungiyoyin addini suka ce ba su yarda ba. A gidanmu ma an hana ko ambatonsa. Yau ga hajiyoyi zaune kan tabarma da jikokinsu, don kayan duk sun rufe jiki ruf, kuma hakan bai rage musu ƙarfin hali ko kaɗan ba.

Akwai abin da ban so ba. Can tsakiya suka kunna injin hayaƙi da wani babban allo mai walƙiya, har riguna biyu suka wuce ban ga ɗinkinsu ba. Wanda ya yi wata guda yana surfani da hannu bai cancanci a rufe aikinsa da hayaƙi ba. Na faɗa musu haka ba ɓoye-ɓoye.

Bayan an watse na je na durƙusa na gaida dattijon. "Baba, sannu da aiki, yau kun ba mu mamaki." Ya yi dariya ya ce, "'Yata, aikin da nake yi kullum ne, yau dai an zauna an saurara." Na tambaye shi ko an sallame su yadda ya kamata, don na sha ganin masaƙa da marina da dukawa suna yin aiki, wani can ya ɗauki suna da kuɗi. Ya ce tun kafin a fara aka biya su, kuma aka kira sunayensu a lasifika tare da na masu zanen. Wannan ya yi mini daɗi fiye da rigunan.

Sai da na kama yarinyar tawa a gefe na juya rigarta ciki waje. Shafin ya yi kyau, amma ɗinkin kafaɗar hagu ya fara buɗewa, shadda mai ƙaro da yawa tana cin zare. Na ce ta ninka zaren, ta sa allura mai kauri, ta rage matsin keke. Ta ce wata mawaƙiya ta riga ta tambayi kuɗin rigar, ita kuma ta rasa abin da za ta ce. Na ce kada ta yanke komai a daren nan. Litinin da safe za ta kawo ta shago mu gyara kafaɗar, mu zauna mu lissafa yadi da ƙaro da kuɗin bugu da kwanakin da ta ci, sannan ta kira matar.