Tabon da ke huhun Kawu

Talata. Tun da na baro Agege da la'asar maganar Inna take yi mini yawo a zuciya. Na tarar ta dafa wa Kawu citta da kanumfari, ta ce da ni, "Ke da kike karatun likita, ki gaya wa malamanku majina ce ta daskare masa a ƙirji, in ta fita shi ke nan." Na ce, "Inna, tarin Kawu busasshe ne, babu majinar da za ta fita." Ba ta tanka ba. Shi kuwa, tsakanin ɗaki da bakin famfo sai da ya dafa bango ya huta kafin ya yi alwala, kuma na lura kan yatsunsa ya yi kauri, faratan sun lanƙwasa.

Cunkoson Oshodi ya riƙe mu har magariba, ina cikin danfo ina tunanin abin da ke faruwa a ƙirjinsa, wato yadda tabo ke taruwa a huhunsa. A tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta akwai 'yan ramuka da ake kira kabiyoli, faɗinsu nanomita 50 zuwa 100 (nanomita miliyan ɗaya ne milimita ɗaya), waɗanda masanin ƙwayoyin halitta George Palade ya fara bayyanawa a 1953. Furotin ɗin kabiyolin-1 ne ke gina su, kuma cikin aikinsu akwai janye masu karɓar saƙon TGF-beta zuwa cikin ƙwayar domin a rushe su. Wannan saƙon shi ne yake umartar ƙwayoyin da ke gyaran rauni su ƙera kolajin, zaren da ke riƙe sassan jiki. Idan kabiyolin ya ragu, umarnin ba ya yankewa, sai su yi ta zuba kolajin kamar maginin da aka sa facin bango ya zarce har ya toshe taga; wannan tarin kolajin ɗin shi ne tabon. Shingen da ke tsakanin iska da jini a huhu bai kai kaurin maikiromita 1 (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) ba a wurare da yawa, don haka da zarar ya yi kauri sai oksijin ya riƙa tsallakawa da ƙyar, huhun kuma ya ƙi buɗewa sosai.

A 2001 aka samar da ɓerayen da ba su da kabiyolin-1: bangon jakunkunan iskarsu ya yi kauri, kuma sun riƙa gajiya da wuri a gwajin iyo. A 2006 aka nuna cewa furotin ɗin ya ragu a huhun masu irin ciwon Kawu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, pirfenidone da nintedanib, magungunan da Amurka ta amince da su a 2014, rage saurin tabon kawai suke yi, ba sa goge wanda ya riga ya samu. A ganina ya kamata Inna ta san haka, domin kuɗin da ke tafiya a maganin tari ya koma ga oksijin.

Na iso Idi-Araba bayan isha'i. Yaya ya kira, ya ce gobe zai tambayo farashin tukunyar oksijin, ni kuma zan raka Kawu gwajin numfashi ranar Alhamis in Allah ya yarda.