Talata, ranar da farantina ya koma ruwan ɗorawa

Hazo ya rufe gari yau, har ba a hango gadar Kwangila sai bas ta zo dab da ita. Allah-Allah nake in isa jami'a a Samaru, domin jiya mu 'yan rukunin furojet muka goga tsinken auduga a cikin hancinmu, kowa ya shafa a farantinsa, muka jera a inkubeta a kan digiri 37. Abincin da ke cikin farantin ja ne, gishirinsa kashi 7.5 cikin 100, yawancin bakteriya ba sa jure shi. Dangin sitaf kuwa, wato bakteriyar Staphylococcus, ko a jikinsu. Idan wanda ya tsiro ya ci sukarin da ke ciki ya fitar da tsami, sai jan ya juye ruwan ɗorawa. Nawa ya juye. A ƙarƙashin madubin lab na ga ƙwayoyin a cure, shuɗi mai duhu. Malam ya leƙa ya ce, "Sai mun sake shuka shi mun gwada da ruwan jini kafin a rubuta, amma da alama ke ma kina cikin masu ɗauke da Staphylococcus aureus a hanci. Kada ki damu, kusan mutum ɗaya cikin uku ne."

Ban damu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙawata da muke cin abinci kwano ɗaya, muke aron hijabin juna, nata farantin yana nan ja wur. Me ya sa ni, ban da ita?

Da wannan tambayar na wuni a laburaren Kashim Ibrahim. Staphylococcus aureus, wanda likitan tiyata Alexander Ogston ya gano a cikin mugunya a Aberdeen a 1880, yana da ƙwayoyin gado wajen 2,600, kuma wasu daga cikinsu aikinsu ke nan, su zaunar da shi a hanci. Ƙofar hanci fata ce busasshiya mai yawan saɓa, ga majina tana wanke cikin, ga atishawa. Abin da ba shi da mariƙi ba zai kwana a nan ba. Shi yana da wani furotin a bayansa, ClfB, da ke maƙale wa lorikirin da keratin, wasu furotin na fatar ƙofar hanci, kamar yadda ƙarangiya ke kama bakin zane. A 2008 a Rotterdam ta ƙasar Holan an zuba wa masu sa kai ƙwayar a hanci, wata cikakkiya, wata an cire mata ƙwayar gadon da ke yin ClfB. Wadda aka cire wa ba ta daɗe ba hanci ya kore ta. Can ciki kuma, inda fatar take da laushi da danshi, wani sinadari ne na bangon jikinsa yake riƙe shi, wanda ƙwayar gado tagO ke fara haɗawa.

Riƙo kaɗai bai isa ba, sai da abinci, kuma hanci wurin yunwa ne. Sinadarin ƙarfe jiki ya ɓoye shi, saboda haka ƙwayar ke kunna tarin ƙwayoyin gadon da ke ƙwato shi. Wani bincike na cibiyar Sanger da Jami'ar Kambirij da ya fito a 2025 ya karanta DNA na samfuri fiye da 3,000 daga masu ɗauke da ita, aka ga sauye-sauye na taruwa a ƙwayoyin gadon sarrafa naitirojin. Ke nan tana zaune a hancin mutum tana ta gyara kanta daidai da abin da ta samu a wurin. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai, na daɗe ina juya shi a raina.

Amsar da ta fi kusa da tambayata daga Tübingen ta Jamus ta zo. A 2016 sun gano wani ɗan uwansa, Staphylococcus lugdunensis, da shi ma hanci yake zama, yana fitar da wani sinadari da ke kashe shi. Cikin majinyata 187 da suka duba, masu wannan ɗan uwan kashi 5.9 cikin 100 ne kawai ke ɗauke da aureus, marasa shi kuwa kashi 34.7. Wataƙila abin da ke hancin ƙawata ke nan.

A hanyar komawa, wani mai magani ya kafa lasifika a bakin tasha yana ta kirari: maganin sanyi, maganin infekshan, maganin sitaf na mata da na maza. Mutane sun yi masa da'ira. Raina ya ɓaci. Mace za ta karɓo takardar gwaji an rubuta sitaf, alhali sau da yawa daga fata ya shiga samfurin, ta shiga tashin hankali, ta yi ta haɗiyar kafso daga wannan kemis zuwa wancan. Sitaf ɗin da ke da ƙwayar gado mecA, wato MRSA mai jure magani da aka fara gani a Ingila tun 1961, irin waɗannan magungunan na dangin fenisilin ba sa taɓa ta. Masu sauƙin kashewa ne ke mutuwa, har da waɗanda suke tare mata wuri, sai ta samu fili. Ɗauke da ƙwaya daban, ciwo daban, amma wa zai tsaya ya bayyana wa mutum haka a cikin hayaniyar tasha?

Ba kuma cewa nake ba ta da haɗari. A Jamus a 2001 an bi majinyatan da ta shiga jininsu, sama da kashi 80 cikin 100 irin ta hancinsu ce ta kwantar da su. Shi ya sa wasu asibitoci ke duba hancin mutum kafin tiyata, su ba shi man mupirosin ya shafa kwana 5.

Na iske Goggo a tsakar gida tana gasa wa Auta maruru da ruwan ɗumi. Wannan a hammata ya fito, wancan watan a cinya. Yaron yana ta cije leɓe.

"Gado ne," in ji Goggo. "Babanku ma haka ya yi ta fama yana yaro. Jininku ne mai maruru."

Na zauna kusa da ita na ce, "Goggo, akwai gado a ciki, amma yawancinsa na ƙwayar ne, ba namu ba." Na ba ta labarin tagwayen Denmak da aka bincika a 2012, aka ga gadon iyaye ɗan ƙaramin tasiri yake yi a kan wanda zai ɗauke ta a hanci. Na kuma gaya mata irin da ke yawo a Afirka ta Yamma da yawansu na da ƙwayoyin gadon wani dafi, PVL, mai fasa fararen ƙwayoyin jini, shi ke tara mugunya haka. Abin da gida ɗaya ke gada shi ne tawul ɗaya, soso ɗaya, reza ɗaya, da hannun da ya sosa hanci a wannan hunturu ya koma ya sosa fata mai kaushi.

Ta dube ni ta ce, "To 'yar boko, yanzu ke ce kika ba shi?"

Na ce ban isa in ce haka ba sai an gwada ta hancina da ta marurun an ga ko iri ɗaya ce, amma yana iya yiwuwa, kuma yana iya zama daga nasa hancin. Ta yi shiru, sannan ta aiki Auta ya ɗebo tawul-tawul ɗin gidan duka, ta ɗora tukunyar ruwa a murhu. Ta hana kowa matse masa marurun. Mun yi da ita ranar Alhamis, da ba ni da lacca da safe, zan kai shi asibitin Shika likita ya gani, in roƙa a ɗebi mugunyar a gwada kafin a rubuta masa kowane magani.