Yaron da ba ya jin magana, da mu da ba ma gajiya da faɗa

Maganar da na fi ji a bakin iyaye masu 'ya'ya 'yan shekara 14 zuwa 17 ita ce "wallahi yaron nan ya fi ƙarfina." Ni ma ina da ɗaya a gida, malamai sun kawo ƙara, ƙannensa sun kawo ƙara, to abin nan ya daɗe yana ci min rai.

Abin da ya fara sanyaya min zuciya shi ne sanin cewa ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya auna abin da zai biyo baya, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25, alhali zafin zuciya da son burge abokai tuni sun kankama. Ga barci, likitoci na cewa matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10, su kuma a wannan shekarun ba ya zuwa musu da wuri, ga waya a hannu har tsakar dare. Ba uzuri nake nema musu ba fa, rashin kunya sunanta rashin kunya.

Amma mu duba yadda faɗan kansa ke tafiya. Gerald Patterson, wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, ya daɗe yana nazarin gidaje masu irin wannan rikici, kuma abin da ya bayyana kamar a falona ya zauna. Ka ce ajiye wayar nan, ya ƙi, ka ɗaga murya, ya ɗaga tasa, ya buga ƙofa, kai kuma ka dawo aiki a gajiye sai ka ce je ka can ka ƙarata, shi ke nan ya gane cewa in ya dage da hayaniya zai samu yadda yake so. Ran da tsawarka ta yi aiki kuma kai ma sai ka ɗauka tsawa ce magani. Gobe kowa daga inda ya tsaya zai ɗora.

Tun shekarun 1960 Diana Baumrind, ita ma masaniyar halayyar ɗan adam a Amurka, ta nuna yaran da suka fi natsuwa su ne na iyayen da ke kafa doka, su faɗi dalilinta, kuma su ja yaro a jiki. Shi ya sa na rage dokokina sosai. Lokacin dawowa gida, makaranta, ba zagi ba duka, waɗannan ba ciniki. Aski da tarkacen ɗaki kuwa mu zauna mu daidaita. Hukunci ma ina faɗa masa tun kafin laifi, kuma wanda na san zan iya cikawa, ba "ka rabu da waya har abada" ba. Sannan don Allah kar a tsinka shi gaban abokansa, a nan ko ya san ya yi laifi ba zai sauko ba.

In abin ya haura wata 6 yana ƙaruwa, ko yaro ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, a kai shi ganin likita. Ciwon damuwa a wajen matasa sau da yawa da fushi yake fitowa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin 7 na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.