Abin da ke barci a ƙarƙashin kududdufin kuza

Da hunturun bara na zauna a ɗakina a Unguwar Rogo ta Jos na rubuta wa yaran gidanmu labari. Na daɗe ina karanta H.P. Lovecraft, Ba'amurken nan da ya rasu a 1937. Tsoron da ke cikin rubutunsa ya sha bamban da na Dodo mai cin mutane: mutum ne zai gano akwai halittun da suka riga shi zuwa duniya da shekaru aru-aru, kuma ko kallo bai ishe su ba. Sai na ce bari in dasa irin wannan a ƙasarmu.

Duk ɗan Jos ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, ruwa kore shar, ba ya motsi. Na sa wani abu yana barci a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu tun kafin duwatsun Shere su kafu. Ban raɗa masa suna ba, ban faɗi kamanninsa ba. In ya juya kwanciya, ruwan ya ja baya da taki guda, tsuntsaye su yi tsit.

Daren da na karanta musu an ɗauke wuta, da tocila na yi. Mazan sai shewa suke. Amma 'yar yayata mai shekara 7 ta matso ta ce, "Kawu, haushinmu yake ji?" Na ce, "A'a, bai ma san da mu ba." Nan na yi kuskure. Shi Dodo ana magana da shi, Gizo ma yakan yi masa wayo. Wannan kuwa ba ta inda yaro zai kama shi. Yarinyar nan ba ta runtsa ba sai asuba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Da safe Hajiyarmu ta ce, "Ka kai yarinya bakin ruwa ka baro ta can. Tatsuniya ko daji ta shiga da yaro, sai ta mayar da shi gida."

Ban taɓa halittar ba da na sake rubutun, don girmanta ne daɗin labarin. Kaka na ƙara, wadda ta riƙe hannun jikarta ta ce mata Wanda ya halicci abin nan Ya san adadin numfashinsa, kuma Ya san sunanta ita ma. Lovecraft bai yarda da Allah ba, shi ya sa mutanen cikin labaransa ke haukacewa su kaɗai. Yaranmu kuwa a kan imani suka tashi.

Bayan sati biyu 'yar yayar tawa ta ce in kai ta wajen Rayfield ta ga kududdufi. Daga nesa muka tsaya, ta damƙe mini yatsu, tana kallon ruwan ko zai ja baya.