Zoɓo a ajin kimistiri

Talata. Bayan sallar asuba na dafa soɓorodo a tukunyar uwargida, ba sukari ba citta, na tace na ɗura a gora. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan lamin zoɓon na wa ne?" Na ce na 'yan SS1 ne. Ta taɓe baki.

Darasin yau asid, wato abu mai tsami, da kishiyarsa alkali. Takardar litimas ɗin ɗakin gwajinmu, wadda ake tsomawa a gane asid ko alkali, ta sha zafi ta koɗe, ko a me ka tsoma ta ba ta sauya kala. Na rubuta buƙata tun zangon farko, har yau shiru kake ji. Zoɓo kuwa a Jigawa ba ya yankewa, tireloli ake lodawa daga Maigatari har ya kai Meziko.

Ina rubuta "alkali" a allo wani ya ɗaga murya daga baya: "Malam, na kotu?" Aji ya kwashe da dariya. Duk shekara sai an sami mai faɗa.

Na jera kofunan roba biyar: lemon tsami, jiƙon tsamiya, ruwan burtsatse, ruwan toka, jiƙon kanwa. Na sirka zoɓon sosai, na riƙa tsiyayawa kaɗan-kaɗan. A lemon tsami ya yi jawur. A kanwa sai ya rine, ya koma kore mai duhu. Ajin ya yi tsit, can wani ya ce Malam ya iya rufa-ido. Na ce launin da ke cikin zoɓo, antosayanin, shi ke sauyawa gwargwadon tsamin abin da ya tarar. Na zana ma'aunin pH, mai nuna ƙarfin asid ko alkali, daga 0 zuwa 14, 7 a tsakiya, lemon tsami wajen 2, kanwa wajen 10.

Sai wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu. "Malam, shi ya sa Inna ke jefa kanwa a miyar yakuwa ta kashe tsami?" Wallahi sai da na ajiye alli. Na juye kanwar cikin tsamiya, kumfa ta taso shuu, na ce ga iskar kabon-dayoksaid nan tana fita. Bara sati biyu na yi a kan wannan, yara suka haddace ƙa'idar da Turanci kamar karatun aku, a jarrabawa rabinsu suka juya ta.

Na ja musu kunne kada kowa ya ɗanɗana komai a ɗakin gwaji, ruwan batir ma asid ne. Ina cikin faɗa na ture gorar, zoɓo ya wanke min gaban farar riga.

Da la'asar uwargida ta jiƙa rigar a ruwan sabulu, jan tabon ya rikiɗe ya yi shuɗi-shuɗi. Ta ƙwala min kira in zo in ga ikon Allah. Na fara mata bayanin pH, ta ce in matsa in ba ta wuri.