Yadda nake haɗa cundon mangwaro da zafin rana

Cundo, wanda ake rubutawa chhundo, haɗin ɗanyen mangwaro ne da sikari na mutanen jihar Gujarat da ke yammacin Indiya. Can suna yin sa da bazara, galibi da wani babban mangwaro mai suna Rajapuri, su ajiye su ci har shekara ta zagayo. Abin da ya sa na riƙe shi shi ne ba ya buƙatar wuta ko mai, rana ce ke dafa shi, kuma ranar watan Afrilu a Kano ta isa ta yi wannan aiki.

Ina zaɓar ɗanye shar, mai tauri, wanda cikinsa fari ne. Mai aure ya fi, don ba shi da zare da yawa. Wanda ya fara nuna kuwa, da an goga shi sai ya zama kunu. Na kan wanke, in goge da tsumma, in bar shi ya sha iska, sannan in fere in goga da manyan ramukan abin goga kuɓewa.

Awo ana yin sa ne bayan an goga, ba da ɓawo da ƙwallo ba. Ga kilo 1 na gogaggen mangwaro ina sa sikari kilo 1, idan tsamin ya yi yawa in ƙara kwata. Gishiri ƙaramin cokali 2, kurkum ƙaramin cokali 1. Uwargida, kada ki rage sikarin don ganin yawansa. Shi ne ke tsare haɗin, domin yana janye ruwan da ƙwayoyin ruɓa ke rayuwa da shi. Wanda aka rage wa sikari yakan fara kumfa da warin tsami tun bai yi wata ba.

Gishiri da kurkum nake fara cuɗawa, in bar shi awa 2 ya fito da ruwansa, ba na zubar da ruwan. Sai in zuba sikari in juya, in rufe, in bar shi a ɗaki kwana 1 ko 2 ina juyawa safe da yamma har sai na daina jin tsakin sikari a ƙasan cokali. Nan ne mutane da yawa ke gaggawa. Idan aka fitar da shi rana sikarin bai narke ba, zai kwanta a ƙasa ya daskare, saman kuma ya bushe, ba za su sake haɗuwa da kyau ba.

Mazubi ya zama mai faɗi, na gilashi ko na ƙarfe marar tsatsa. Tukunyar alminiyum ba ta dace ba, tsami na cin ta, launi da ɗanɗano su ɓaci. Ina ɗaure bakin da farin ƙyallen tatar koko, ba murfi ba, don murfi yana tara gumi ya ɗiga ciki, ɗigon ruwa kuwa shi ke kawo fumfuna. Ina ɗora mazubin cikin faranti mai ɗan ruwa saboda kiyashi. Ya fita da hantsi, ya shigo kafin magariba, a juya da busasshen cokali sau ɗaya kullum.

Yakan ɗauki kwana 7 zuwa 10. Gwajin shi ne ki ɗiga ruwan tsakanin yatsu biyu ki buɗe: idan ya ja zare ɗaya, mangwaron ya yi garau kamar zuma, ya yi. Kada ki jira zare biyu, zai yi tauri a kwalba. Idan hadari ya fara tasowa kafin ya kai, ina ƙarasa shi a wuta kaɗan-kaɗan, in sauke yana da ɗan ruwa-ruwa, don yana ƙara kauri idan ya huce.

Garin barkono babban cokali 1 da soyayyen garin kumin (wani kayan ƙamshi, cumin da Turanci) ƙaramin cokali 2 sai a ƙarshe nake sa su, in ba haka ba rana ta kashe ƙamshinsu. Sai busasshiyar kwalba mai murfi. A Gujarat da waina mai laushi da suke kira thepla ake ci, ni kuma na fi son sa da gurasa ko a gefen shinkafa da wake.